Yawon Buɗe Ido a Manchester da Birmingham: Me Ya Kamata Baƙo Ya Gani?

Hausawa suna kiran tafiyar da mutum kan yi domin ganin gari da abubuwan da ke cikinsa "yawon buɗe ido". Wanda ya raɗa wannan suna bai yi kuskure ba, domin abin da ake sa rai shi ne matafiyi ya komo gida ya san abin da bai sani ba kafin ya tashi. Sai dai ba kowane matafiyi ne ke cika wannan sharaɗi ba. Sau da yawa mutum kan sha wahalar neman biza, ya biya kuɗin jirgi mai tsada, ya yi mako guda a Ingila, sa'an nan ya dawo da akwati cike da tsaraba da waya cike da hotuna. In aka tambaye shi abin da ya gano, sai ya ce gari akwai sanyi, tituna da tsabta, kuma ba a ɗauke wuta. Duk wannan gaskiya ne, amma ba sai an ƙetare hamada da teku ake saninsa ba.

Galibin masu zuwa Ingila daga Kano ko Katsina ko Maraɗi a Landan suke yada zango. Su ga fadar Buckingham, su ga agogon Big Ben, su shiga kantunan titin Oxford, shi ke nan. Wanda ya leƙa Manchester, yawanci ƙwallo ce ta kai shi, ya je filin Old Trafford ko na Etihad ya ɗauki hoto. Wanda ya je Birmingham kuwa, ko dai ziyarar ɗan'uwa ɗalibi ce, ko sayayya a kantunan Bullring. Babu laifi a cikin ko ɗaya daga waɗannan, in dai ba a tsaya a nan ba. Duk Bahaushen da ya sami 'yan kwanaki a Ingila, da duk ɗalibin da ke koyon Hausa yana kuma son sanin masu harshen, ya kamata ya ware kwana huɗu, biyu a Manchester, biyu a Birmingham, ya kuma yi ɗan karatu kafin ya kama hanya. Dalili kuwa shi ne wani babban yanki na tarihin ƙasar Hausa a waɗannan birane biyu yake ajiye, kuma tsakaninsu tafiyar kamar sa'a ɗaya da rabi ce kawai a jirgin ƙasa.

Zuwa Ingila domin gani da ido ba sabon abu ba ne ga Hausawa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je a shekarar 1921. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman sun tafi tare. A 1943 Abubakar Imam, editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, da ya dawo kuma ya rubuta littafi mai suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Abin koyi a nan shi ne Imam bai bar abin da ya gani ya tsaya a cikinsa ba, ya kawo wa waɗanda ba su je ba. Matafiyin yau ya fi shi sauƙin tafiya nesa ba kusa ba, saboda haka bai kamata ya gaza shi wajen lura ba.

Manchester: birnin auduga

A ƙarni na 19 babu birnin da ya kai Manchester suna wajen kaɗi da saƙa da cinikin yadi. Baƙon da ke son ya fahimci haka sai ya fara da gidan tarihin kimiyya da masana'antu, wanda ke harabar tsohuwar tashar Liverpool Road. An buɗe wannan tasha a 1830, lokacin da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Manchester da Liverpool, yana kawo auduga daga bakin teku yana komawa da yadi. A cikin gidan tarihin akwai injinan kaɗi da na saƙa irin na wancan zamani. Wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana murza mazari, ko masaƙi yana jefa ƙoshiya a gindin bishiya, da ya dubi waɗannan injina zai gane irin kokawar da aka haɗa tsakanin hannu da ƙarfe.

Ita kuwa wannan kokawa ta isa kasuwar Kurmi tun kafin Turawan mulki su iso. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya shiga Kano a 1851, ya yi mamakin yawan masaƙa da marina, da yadda turkuɗi da sauran tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu da garuruwan hamada. Amma a cikin kayan da ya lissafa ana sayarwa a kasuwa akwai yadin Manchester, wanda fatake suka ɗauko a kan raƙuma daga Tarabulus. Daga baya ma wasu Turawa sun riƙa kiran Kano da laƙabin Manchester ta Afirka. Laƙabin yabo ne, amma yana kuma nuna cewa biranen biyu kishiyoyi ne a sana'a ɗaya.

Daga gidan tarihi sai baƙo ya taka zuwa ginin Royal Exchange da ke tsakiyar gari, inda dillalan auduga ke taruwa suna yanke farashi. An daina ciniki a wurin a 1968, yanzu gidan wasan kwaikwayo ne, amma allon da ke nuna farashin ranar ƙarshe yana nan a maƙale a sama. A wannan birni ne aka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Birtaniya, wato BCGA, a 1902. Masu masaƙu sun tsorata da dogaro da audugar Amurka kaɗai, saboda haka suka sa ido a kan Arewacin Nijeriya. Winston Churchill, wanda a lokacin yake wakiltar wata mazaɓa ta Manchester a majalisa, yake kuma ƙaramin ministan ƙasashen mulkin mallaka, yana cikin waɗanda suka goyi bayan shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Kano. Dogo ya iso Kano a 1911, aka fara jigilar kaya a 1912.

Abin da ya biyo baya ya cancanci a tsaya a kansa. Turawa sun kai jirgi domin auduga, manoman Kano kuwa suka cika shi da gyaɗa. Manomi ya yi lissafi: gyaɗa ta fi tsoka a kasuwa, in shekara ta yi tsanani ana iya cinta, audugar da ya noma kuma masaƙan gida sun fi Bature sayenta da daraja. Daga nan aka sami dalar gyaɗa, aka sami attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Noman audugar fitarwa sai ya fi kama ƙasa a Zazzau da kudancin Katsina da wajajen Gusau, inda aka kafa injinan gurza a garuruwa kamar Zariya da Funtuwa. Wanda ya san wannan labari, in ya tsaya ƙarƙashin allon nan na Royal Exchange, zai tuna cewa manomin Dawakin Kudu ma yana da nasa lissafin, kuma lissafinsa ya rinjayi na dillalan.

Kwana na biyu na 'yanci ne. A dandalin Lincoln akwai mutum-mutumin shugaban Amurka Abraham Lincoln. Lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, audugar da bayi ke nomawa ta daina zuwa, masaƙu suka tsaya, ma'aikata suka shiga yunwa. Duk da haka, a ranar ƙarshe ta 1862 wani taron ma'aikata a Manchester ya aika wa Lincoln takardar goyon baya a kan 'yanta bayi. Birnin da ya yi arziki da gumin bayi, shi ne kuma ya fitar da talakawan da suka zaɓi wahala a kan zalunci. Jaridar Guardian, wadda aka kafa a Manchester a 1821, ta fito fili a 2023 ta nemi gafara saboda alaƙar waɗanda suka kafa ta da cinikin audugar bayi.

Kudu kaɗan da tsakiyar gari, a unguwar jami'o'i, akwai tsohon zauren Chorlton-on-Medlock. Mai sauri zai wuce shi bai waiwaya ba, domin ɗan allon tunawa ne kawai a jikin bango. A nan aka yi Babban Taron Haɗin Kan Afirka karo na biyar, daga 15 zuwa 21 ga Oktoba, 1945. Cikin mahalarta akwai Kwame Nkrumah da Jomo Kenyatta da Hastings Banda da W. E. B. Du Bois, da Jaja Wachuku daga Nijeriya. Sun nemi a kawo ƙarshen mulkin mallaka ba tare da jan ƙafa ba. Shekara 12 bayan haka Gana ta sami mulkin kai, Nijeriya da Nijar kuma suka bi baya a 1960.

Birmingham: birnin maƙera

In Manchester garin masaƙa ce, to Birmingham garin maƙera ce. Ana yi mata kirari da birnin sana'o'i dubu. A nan Matthew Boulton da James Watt suka haɗa gwiwa a 1775 suna ƙera injin tururi, wanda shi ne ya ba masana'antu ƙarfi. Amma abin da ya fi shafar Afirka ta Yamma ƙananan kaya ne, waɗanda suka shiga hannun kowa.

Na farko shi ne kuɗi. Dattawa suna tuna kwabo mai huji a tsakiya, da ɗari da anini, masu tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Da yawa daga cikin waɗannan tsabar kuɗi a Birmingham aka buga su. Wanda ke da tsohon kwabo a gida ya duba da kyau: in ya ga ƙaramin harafin H ko KN, to alamar maƙerar Heaton ce ko ta Kings Norton, dukansu a wannan birni. Waɗannan su ne suka kori wuri daga kasuwa, da su aka riƙa biyan haraji da jangali, kuma kwabon da jaridar Gaskiya ta ambata a cikin sunanta shi ne wannan. Haka kuma keken Hercules, wanda malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka hau a da, a unguwar Aston aka riƙa ƙera shi. Bournvita da ake shan shayi da ita kuwa ta kamfanin Cadbury ce, wanda ya kafa masana'antarsa a Bournville a 1879.

Na biyu ya fi nauyi. Akwai wata unguwa da har yau ake kira Unguwar Bindiga, akwai kuma gidan gwajin bindigogi da aka kafa a 1813. A ƙarni na 18 maƙeran wannan unguwa, irin su iyalan Galton, sun ƙera bindigogi masu ɗimbin yawa waɗanda aka kai gaɓar tekun Afirka aka musanya da mutane. Gaskiya ɗaya ce: Turawa sun saya, amma 'yan Afirka ne suka kamo suka sayar, kuma cikin waɗanda aka sayar akwai Hausawa. A farkon ƙarni na 19, zamanin yaƙe-yaƙen jihadi, an kwashi Hausawa da yawa zuwa jihar Bahia ta ƙasar Barazil, a Amurka ta Kudu. Sun shirya tawaye a 1807, sun sake tashi a 1814, wasunsu kuma suna cikin babban boren da bayi Musulmi suka yi a birnin Salvador cikin watan azumi na 1835, inda aka sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe.

Birnin Salvador kansa misali ne na abin da ake magana a kai. Yau masu yawon buɗe ido suna tururuwa zuwa tsohuwar unguwarsa mai gidaje launi-launi, suna kwana biyu ko uku suna kallon kiɗa da rawa. Sunan unguwar Pelourinho, ma'anarsa kuwa turken da ake ɗaure bawa a yi masa bulala. Wanda bai san ma'anar sunan ba ya ga fenti, bai ga gari ba. Haka yake ga wanda ya ratsa Unguwar Bindiga a Birmingham bai ga komai ba sai tsofaffin gine-ginen jan bulo.

Amma Birmingham ba ta rasa abin alfahari ba. A mahaɗar Five Ways akwai mutum-mutumin Joseph Sturge, mazaunin garin da ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙi da bauta. Jami'ar Birmingham ta buɗe Cibiyar Nazarin Afirka ta Yamma a 1963 ƙarƙashin masanin tarihi John Fage, kuma ɗalibai da yawa daga Nijeriya sun yi karatu a can. A ɗakin karatu na Cadbury da ke jami'ar akwai warƙa biyu na fata masu ɗauke da ayoyi daga surorin Kahfi da Maryam da Ɗaha. A 2015 aka bayyana cewa gwajin kimiyya ya nuna fatar ta samu ne tsakanin shekarar 568 da 645 Miladiyya, wato tana cikin mafi tsufan rubuce-rubucen Alƙur'ani da aka sani a duniya. Ba kullum ake baje su ba, saboda haka mai son gani sai ya tuntuɓi ɗakin karatun tun da wuri. Baƙo Musulmi kuma ba zai yi maraicin masallaci ko abincin halal ba, domin ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen birnin Musulmi ne.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wani zai ce kwana huɗu ba su isa a san gari ba. Haka ne, ko shekara huɗu ba ta isa ba. Amma da babu gara ba daɗi, kuma ƙarancin lokaci shi ne ma dalilin da ya sa dole a zaɓa. Mai kwana biyu da ya shiga wuri uku ya fahimce su ya fi wanda ya zaga wuri ashirin yana duban agogo.

Wani kuma zai ce hutu ya je yi, ba makaranta ba, kuɗinsa ne kuma ya kashe. Wannan ma magana ce. Ba a ce kada ya kalli ƙwallo ba, ba a ce kada ya zauna bakin hanyoyin ruwan Birmingham ya sha iska ba. Wasan ƙwallo minti 90 ne, yini kuwa yana da tsawo. Ga shi kuma yawancin wuraren da aka ambata a titi suke, ba a biyan ko kwabo kafin a gan su, manyan gidajen tarihin Manchester ma kyauta ake shiga.

Na uku zai ce tone-tonen bauta da mulkin mallaka ba ya haifar da komai sai ɓacin rai. Amsar ita ce waiwaye adon tafiya ne, kuma darasin da ke nan na yau ne. Masaƙun Manchester da kewayenta sun mutu ɗaya bayan ɗaya a ƙarni na 20, lokacin da Indiya da Japan da wasu ƙasashe suka fara yin yadi mai araha. Abin da Manchester ta yi wa masaƙan Kano, shi aka yi mata. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello, ta buɗe masaƙar Kaduna tare da wani kamfani na Lancashire, wato yankin da ke kewaye da Manchester. Dubban mutane sun ci abinci a masaƙun Kakuri da na Kano. A farkon shekarun 2000 su ma suka durƙushe, kasuwar Kantin Kwari kuma ta cika da atamfar ƙasar Sin. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba.

Bambancin yana wajen abin da aka yi bayan faɗuwa. A unguwar Ancoats ta Manchester an gyara masaƙun da suka haura shekara 200 an mai da su gidajen kwana da ofisoshi. Tsohuwar tasha ta zama gidan tarihi, kasuwar auduga ta zama gidan wasa, birnin kuma ya koma dogaro da jami'o'i da kafofin watsa labarai da wasanni. Ba a ce kowa ya ji daɗi ba, domin har yanzu akwai unguwannin talauci a biranen biyu, kuma a 2023 majalisar birnin Birmingham ta bayyana cewa kuɗinta sun gaza. Duk da haka, Bakano ko Bazazzagin da ya ga Ancoats dole ya tambayi kansa halin da ganuwar Kano ke ciki, da marinar Ƙofar Mata, da filayen da dalar gyaɗa ta tsaya a da, da rufaffun masaƙun Kakuri. Wannan tambaya ita ce tsarabar da ta fi kowace daraja, kuma ba ta da nauyi a akwati.

Ga ɗalibin Hausa

Maganar ba ta tsaya kan Bahaushe mai zuwa Turai ba. Ɗalibin da ke koyon Hausa, wanda wataƙila ma a Ingila yake zaune, yana iya fara sanin ƙasar Hausa tun daga Manchester da Birmingham. Kalmomi irin su akoko da alawayyo da atamfa da anini, waɗanda yake haddacewa daga ƙamus, kowace tana da tarihin ciniki a bayanta. In kuma Allah ya kai shi Kano na 'yan kwanaki, sharaɗin bai canza ba. Ya hau Dala, ya shiga Gidan Makama, ya ratsa kasuwar Kurmi, ya je marina. Amma kada ya tsaya ga ɗaukar hoton marini da hannunsa mai shuni. Ya yi sallama, ya gaishe shi, ya tambaye shi daga ina yadin da yake rinawa ya fito, su wane ne masu saye, 'ya'yansa kuma sun gaji sana'ar ko sun bar ta. Matambayi ba ya ɓata, kuma amsar da zai samu a bakin karofi ita ce ragowar labarin da ya faro a Manchester.